Benaye Biyu, Magini Ɗaya: Wanne Za Mu Kwaikwaya?



Duk lokacin da muka taru, mu 'yan ƙasar Gaya da Ajingi da ke karatu a jami'a, ko a ɗakin kwana ne ko a cikin mota in an ba da hutu mun ɗauki hanyar Wudil, da wuya hira ta watse ba a taɓo zancen ci gaban yankinmu ba. In kuwa aka ce wa ɗayanmu ya kwatanta yadda yake so ya ga Gaya nan da shekara 30, sai ka ji ya ce burinsa ya hango bene mai hawa goma, gilashi tun daga ƙasa har sama, yana walƙiya tun daga nesa kamar waɗanda muke gani a hotunan Dubai. Ba mu ga laifin mai wannan buri ba, gama mu ma mun yi shi. Amma da yake daga cikinmu ne za a sami injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka, da sakatarorin ƙananan hukumomi, da masu sa hannu a takardun kwangila, ya kamata tun yanzu mu san asalin ginin da muke sha'awa, mu kuma san abin da mai shi ya yi daga baya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muke so mu ɗora benaye biyu bisa ma'auni, ɗaya a birnin Niyok na ƙasar Amurka, ɗaya a Jidda ta ƙasar Saudiyya. Abin da ya sa muka zaɓe su shi ne, mutum ɗaya ne ya zana su. Sunansa Gordon Bunshaft, Ba'amurke ne da aka haifa a 1909, ya rasu a 1990. Ya yi aikinsa a kamfanin zanen gine-gine na Skidmore, Owings & Merrill, kuma a 1988 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ita ce babbar lambar girma ta masu wannan sana'a. Yana cikin jagororin salon ginin da ake kira na zamani, watau gini da ƙarfe da kankare da gilashi, mai miƙaƙƙun layuka, ba zane ba kwalliya. Tsakanin benayen nan biyu akwai shekara 31. Na fari ya gama shi yana ɗan shekara 43, na biyun kuwa an kammala shi yana da 74.

Na farkon shi ne Gidan Lever, wanda aka buɗe a 1952 a kan titin Park Avenue. Kamfanin sabulu na Lever Brothers ne ya gina shi don ya zama babban ofishinsa na Amurka. Kada mu ɗauka sunan nan baƙo ne gare mu. A 1920 Lever Brothers ya sayi Kamfanin Neja, a 1929 kuma aka haɗa Kamfanin Neja da wani kamfanin aka sami UAC, wanda kakanninmu suka sayar wa gyaɗa ta hannun dillalai a zamanin da ake jera dalar gyaɗa a Kano. Da mai sayen gyaɗar da mai benen duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, watau Unilever.

Tsawon ginin kamar mita 94 ne. A ƙasa an bar fili a buɗe bisa ginshiƙai, mutane suna ratsawa, da ɗan lambu a tsakiya. Sama da wannan akwai hawa ɗaya shimfiɗaɗɗe, sa'an nan benen kansa ya tashi siriri, kamar an kafa littafi a tsaye. Abin da ya ba duniya mamaki shi ne bangonsa. Nauyin ginin duk yana bisa ginshiƙan ciki, bangon waje kuwa gilashi ne mai ruwan kore-kore da aka rataya a jikin ƙarfe kamar labule. Tagoginsa ba sa buɗuwa ko kaɗan, iskar da ake shaƙa a ciki na'ura ce ke kawo ta, ita ke sanyaya ta da bazara, ta ɗumama ta da sanyi. Har wani keji aka ƙera da ke saukowa daga rufin, masu wanki suna ciki suna goge gilashin a kai a kai. Wannan kuwa ya dace da mai ginin sarai, gama mai sayar da sabulu ba abin da yake so kamar a ga gidansa tas yana sheƙi. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai manyan kamfanoni suka shiga kwaikwayonsa, daga Niyok ya ƙetara Turai, daga nan ya bazu ko'ina. Akwatin gilashin da muke mafarkin gani a Gaya, in muka bi salsala, jikan wannan gini ne.

Na biyun shi ne benen Bankin Kasuwanci na Ƙasa, wanda Larabawa ke kira Al-Ahli, da aka kammala a Jidda a 1983. Bankin ya haɗe da wani banki a 2021 ya sake suna, amma benen yana nan tsaye a bakin tsohon gari, kusa da Bahar Maliya, a birnin da iyayenmu alhazai suke sauka. Hawansa 27. Wanda ya san Gidan Lever, in aka nuna masa wannan, zai rantse ba hannu ɗaya ya zana su ba. Kusurwa uku gare shi, kuma bangonsa na waje dutse ne dangin marmara, shafe tun daga ƙasa har sama, babu jerin tagogi irin wanda aka saba gani a jikin bene. Abin da ake gani kawai shi ne wasu manya-manyan kafofi guda uku, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a wani gefen, kowace tsawonta ya kai hawa bakwai ko fiye.

Ga yadda dabarar take. A kowane hawa, ofisoshi suna bin gefe biyu na kusurwa ukun, gefe na ukun sai a bar shi fili. In an yi hawa bakwai ko tara a haka, sai a juya, filin ya koma wani gefen. Waɗannan filaye su ne kafofin da ake hangowa daga waje, kuma kowanne tsakar gida ne da aka ɗaga sama, har da shuke-shuke a ciki. Gilashi yana nan da yawa, amma duk ciki yake kallo, watau yana fuskantar waɗannan tsakar gidaje, inda inuwa ta rufe shi. Ma'aikaci yana samun haske, yana hango gari da teku, amma rana ba ta dukan tagarsa kai tsaye. Bugu da ƙari, a daidai tsakiyar ginin an bar rami da ya ratsa shi zuwa sama, domin iska mai zafi ta riƙa tashi tana fita kamar yadda hayaƙi ke fita ta kafar madafa. Matakala da na'urorin hawa da sauka kuwa an ware su a wani sashe da aka jingina da jikin ginin.

To, me ya haɗa su, me ya raba su? Dukansu biyu ba su da ado, dukansu siffa ɗaya ce tsayayya da ido zai kama nan take, kuma dukansu sun bar fili a cikinsu don haske da iska. Watau mutumin bai sake aƙida ba. Abin da ya sake shi ne amsar da ya bayar ga tambaya ɗaya: ina rana take, kuma me take yi wa mutanen wannan wuri? Niyok tana nesa da tsakiyar duniya, wajen digiri 41 arewa, ƙanƙara tana sauka da sanyi, ranakun hunturunsu gajeru ne, mutum yana murna in hasken rana ya shigo masa ofis. Jidda kuwa tana wajen digiri 21, kuma can ba mai gayyatar rana cikin ɗaki. Shi ya sa a gari na fari ya fito da gilashi waje, a na biyu ya ɓoye shi ciki.

Duk wanda ya taɓa barin mota a rana da tagogi a rufe ya san abin da gilashi ke yi. Haske yana ratsa shi cikin sauƙi, ya faɗa bisa kujeru da daɓe ya zama zafi, zafin kuwa ba shi da hanyar fita. Bene mai bangon gilashi babbar mota ce da aka ajiye a rana, ba a iya zama cikinsa sai da na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ba tsayawa. A Amurka ta 1952 wannan bai zama abin damuwa ba, gama wuta tana da arha kuma ba ta ɗaukewa. Amma a 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, masu zanen gini a ko'ina suka fara lissafin abin da za a kashe wajen sanyaya abin da suka zana. Wannan tsadar man ce ta ba Saudiyya kuɗin gina benen Jidda. Ita ce kuma ta ba Nijeriya kuɗin Udoji, ta cika tashar Ikko da jiragen siminti a 1975. A daidai lokacin da Bunshaft yake neman hanyar tare rana da bango, mu a nan muka tasam ma rushe soraye muna kafa kwano.

Yanzu mu dawo gida. Kano tana wajen digiri 12, watau ta fi Jidda kusa da tsakiyar duniya. A watan Afirilu zafi yakan haura digiri 40 a ma'auni. Da hunturu kuma ƙura takan lulluɓe kome. Wuta kuwa, ba sai mun gaya wa kowa ba. To, cikin benayen nan biyu wanne ya yi kama da halinmu?

Abin da ya fi ba mu kunya ma shi ne, in muka duba benen Jidda da kyau, sai mu ga ashe gidan kakanninmu ne aka ɗora wani bisa wani. Mu tuna da tsoffin gidajen cikin garin Gaya, ko na Kademi, ko na Toranke. Daga waje katanga ce shafe, sai zaure. Ɗakuna duk tsakar gida suke kallo. Bangon tubali yana da kauri, tagogi ƙanana ne kuma a can sama, rufin soro kuwa azara ce da ƙasa a kai. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya shigo sai dare ya yi, lokacin da gari ya riga ya huce. Shi ya sa zaure yake da sanyi da tsakar rana, ɗakin soro kuma yake da ɗumi a daren hunturu. Wannan dabara ta fi ma yin aiki a wurinmu bisa Jidda, domin can iskar teku tana da laima, dare ba ya sanyi sosai, mu kuwa iskarmu busasshiya ce, tsakanin rana da dare akwai rata mai yawa. Maginanmu sun san wannan tun kafin Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Mu da ake cewa daga garinmu maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suka fito, bai kamata a ce sai wani ya zo daga Amurka ya nuna mana amfanin tsakar gida ba.

Amma me muka yi da wannan gado? Mu duka mun yi karatu a azuzuwan bulo masu rufin kwano, wasu ko silin babu, da tagogi suna kallon yamma. Mun tuna yadda malam kan fito da mu gindin darbejiya in bazara ta yi tsanani, domin ajin ya zama tanderu. Waɗanda suka kama aiki kuma sun san ofis mai baƙin gilashi wanda tagarsa ba ta buɗuwa. Ran da aka buɗe shi an yanka zare an yi tafi, bayan shekara biyu na'urar sanyi ta mutu, janareta ba mai, ƙura ta dishe gilashin, wanda ya fashe an toshe gurbinsa da kwali. Kafin azahar ma'aikata sun kwashe kujeru sun koma inuwar bishiya, mai neman a sa masa hannu a takarda sai ya bi su can. Kuɗin jama'a aka kashe aka yi ginin da jama'a ba sa iya zama cikinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, kuɗin tayar da janareta ya zama abin da ƙaramar hukuma ba za ta yi wasa da shi ba.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Wani zai ce, ai benen Jidda ma da na'urar sanyi yake aiki, kuma dutsen da aka lulluɓe shi da shi kuɗin mai ne ya saye shi. Gaskiya ne. Ba mu ce a kawo marmara Ajingi ba. Abin da muka gani a jikinsa shi ne tsari: an fara rage zafin da bango da inuwa, sa'an nan aka bar wa na'ura ragowar. Wannan tsari ba ruwansa da tsadar dutse, ana iya yinsa da jan bulo, ko da bulon siminti da baranda mai faɗi. Haka nan wanda ya ce yanzu akwai wutar sola, amsarsa ke nan: ginin da ke cikin inuwa faranti kaɗan da batir kaɗan za su ishe shi, na gilashi kuwa ko an rufe samansa duka da faranti da ƙyar ya wadatu.

Wani kuma zai ce, ginin ƙasa yana zubewa da damina, yana bukatar yaɓe kowace shekara, gara tana cin azara, giginya ma ta yi ƙaranci. Wannan ma gaskiya ne, kuma wanda soro ya taɓa rufta wa danginsa a watan Agusta ba za mu yi masa gardama ba. Amma gyaran wannan sananne ne: harsashi na dutse da siminti, rufi mai baki da zai kare bango daga ruwa, da bulon ƙasa da aka matse da inji aka sa masa siminti kaɗan. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, an kammala sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse, aka mai da tsohon ɗakin karatu. Waɗannan Hausawa ne 'yan'uwanmu, ranarsu kuma ba ta fi tamu sauƙi ba.

Akwai kuma wanda zai ce, kome za ku faɗa, gilashi yana da kyau, kuma shi ke nuna gari ya waye. Ba mu musa kyan Gidan Lever ba, hukumar birnin Niyok ma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi a 1982, ta hana a rushe shi. Amma ko a can, ruwa ya riƙa shiga bayan gilashin, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura, gilasan suka yi ta tsagewa, har sai da aka kware bangon duka aka sake sabo wajen shekarar 2001, kafin ginin ya cika shekara 50. In masu kuɗin Amurka sai da suka yi wannan ɗawainiya, wa zai yi ta a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda canjin kwan fitila ma sai an rubuta takarda? Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Game da tsawo kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Abin da ke sa a yi bene mai hawa 20 shi ne tsadar fili, kamar yadda yake a Niyok ko tsakiyar Ikko. A Gaya da Ajingi fili bai yi wannan tsada ba, kuma bene mai tsawo ba ya amfani sai da na'urar hawa da famfon tura ruwa sama, dukansu kuwa bayin wuta ne. Tsohuwar da ta zo karɓar fanshon mijinta ba za ta taka hawa takwas ba. Hawa biyu ko uku sun ishe mu. Darasin Jidda bai tsaya ga benaye ba, yana aiki a aji, da ɗakin shan magani, da rumfar kasuwa. Shaidar haka tana filin jirgin saman Jidda, inda kamfanin su Bunshaft ya yi wa alhazai masauki da aka buɗe a 1981: manyan tantuna 210 ne na farin yadi mai ƙarfi, an ɗaga su can sama, gefe a buɗe, iska tana ratsawa. Rumfa ce, irin wadda muka sani, illa dai an yi ta da ilmin zamani. Iyayenmu da suka zauna ƙarƙashinta suna jiran jirgi za su ba mu labari.

Saboda haka muna roƙon yayyenmu ma'aikata, duk ran da fayil ɗin gini ya zo teburinku, kafin ku duba hoton da ɗan kwangila ya ƙawata, ku yi waɗannan tambayoyi. Ina ginin ya fuskanta? A wurinmu rana kusan bisa kai take bi, don haka rufi da bangon gabas da na yamma su ke shan wuta. Dogayen ɓangarorin gini da tagoginsa su kalli kudu da arewa, da baranda a gabansu. In wuta ta ɗauke wuni guda, za a iya aiki a ciki? Tagogin suna buɗuwa, kuma iska tana da mashiga da mafita? In wani abu ya fashe, za a same shi a kasuwannin Kano, kuma akwai mai gyaransa a kusa? An ware kuɗin silin da na dashen itatuwa, ko kuwa su ne za a fara yankewa in kuɗi ya gaza? Ba sai mutum ya karanta zanen gini zai iya waɗannan tambayoyi ba, kuma ɗan kwangilar da ya kasa amsa su bai cancanci sa hannunku ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu karatun zanen gine-gine a Bayero, da Zariya, da Wudil, in an ba da hutu ku ɗauki ma'aunin zafi da awon tsawo ku shiga tsoffin gidajen garuruwanku. Ku auna kaurin bango, ku rubuta zafin zaure da na ajin kwano a sa'a ɗaya, ku zauna da tsofaffin magina ku ji yadda ake haɗa makuba da yadda ake ɗaurin guga, tun suna da rai. Kowace damina wasu sorayen suna faɗuwa, ana maye gurbinsu da bulo da kwano, kuma ba wanda ya zana su a takarda.

Bunshaft ya yi suna da akwatin gilashi, duniya duka ta yaba masa, amma da aka kai shi ƙasar rana bai ce dole sai abin da ya sa aka san shi ba. Ya duba wurin, ya zana abin da ya dace da shi. Mu da aka haifa cikin wannan rana mun fi shi sanin zafinta. In har za mu kwaikwaye shi, to, mu kwaikwayi dattijon 1983, wanda aikinsa ya yi kama da gidan da aka yanke mana cibiya. Allah ya sa ran da alƙalami ya zo hannunmu mu tuna da wannan.